Makanikin da Ya Kayar da Kansa

Ƙanin marigayiya matata ya shekara ashirin da shida yana gyaran kekunan ɗinki a wata masana'antar tufafi. Kunne ake ce masa, domin tun daga bakin ƙofa yake jin keken da ke shirin mutuwa a cikin keke tamanin. Takarda kuwa, ban da ta haihuwa ba shi da ko ɗaya.

Sai aka kawo sabon manaja mai digiri uku, ya kafa doka: duk makanikin da bai kawo takardar shaida cikin wata uku ba, a bakin aikinsa. Kunne ya je makarantar koyon sana'a ya yi rajista. Ranar farko shugabar makarantar ta shigo aji ta ba da haƙuri, ta ce ba su da malamin kekunan ɗinki, amma sun roƙi masana'anta ta ara musu gwaninta. Masana'anta ta ara musu Kunne.

Haka ya zama malami, kuma ɗalibi mai lamba tara. Kullum da safe in yana kiran suna ya zo kan nasa, sai ya je ya zauna a benci ya amsa, sannan ya koma gaban allo.

Ranar jarrabawa kowa ya kwance keke ya mayar. Maki arba'in ne cin jarrabawa. Ɗalibai takwas suka haye. Da la'asar sai ga shi a gidana, ya ture littattafan da ke kan kujera ya zauna.

"Yaya, na faɗi. Talatin da tara."

"Wa ya kayar da kai?"

"Malamin."

"Kai ne malamin, sakarai!"

"Ai shi ya sa. Sauran ba su san komai ba, sun yi iya ƙoƙarinsu. Shi kuwa lamba tara na san abin da zai iya. Keken da ya haɗa yana wani ɗan tari in an taka da sauri. Wannan raini ne."

"To ƙara masa maki ɗaya mana. Yana da 'ya'ya biyar."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaya, da girmanka? In dangin ɗalibai suka fara zuwa roƙo, ai makaranta ta lalace."

Washegari na sa rigata ta zuwa jana'iza, na raka shi wurin manaja. Na tanadi jawabi mai tsawo a kan ilimi da basira, domin na kwashe shekara arba'in ina karatu don irin wannan rana. Manaja ya bar ni na kai rabi.

"Baba, takarda ba ta ƙarya. Ƙwararren malami ne ya sa hannu."

"Wato kun yarda da malamin?"

"Ɗari bisa ɗari. Mu muka tura shi."

"Ranka ya daɗe, ga shi nan tsaye a gabanka!"

Manaja ya duba takardar, ya duba Kunne. "Wannan da ke gabana, Baba, talatin da tara ya ci."

Kunne ya gyaɗa kai, irin na wanda aka yi wa adalci.

Aka sallame shi, aka ba da gurbinsa ga lamba biyu, wanda har yau yake ɗaura allura a juye. Makaranta dai ta riƙe Kunne yana koyarwa kwana biyu a mako, kuma ya sake rajista don ya nemi tsohon aikinsa. Jiya na tambaye shi yadda lamba tara yake ciki. Ya ce in bai gyara halinsa ba, bana ma ba zai wuce ba.