Gwaiwar Talle Mai Doya

Shekara da shekaru Talle, mai sayar da doya a Djougou, yana mayar da gwaiwarsa ciki da hannu, ya rufa da babbar riga. Wata ranar kasuwa gwaiwar ta ƙi komawa, ta yi tauri, sai amai.

A motar zuwa asibitin Parakou ya ɗora kai a cinyar matarsa Zinatu, zazzaɓi na lilo da shi. Ya ga kansa yaro a ƙauyensu Sérou, yana tsallake kunyoyi, jikinsa sakayau kamar auduga.

Da ya farfaɗo a asibiti Zinatu ta ce, "Baban Kausar, hanjinka ne ya shaƙe, sun yanke inda ya mutu. Da sauran shan ruwanka."

Ya daɗe yana kallon fanka tana juyawa, sannan ya tambaye ta ko an yi ruwa a gida.