Hoton Wule

Kashim mai hoto yana cikin ɗora wa wani ango farar mota a kwamfuta sai aka banko labulen shagon. Malam Giɗaɗo ne, rawani a warware, ƙafa duk laka, sanda a hammata, ya rungumo wani hoto mai gilashi kamar jariri.

"Bawana, yau kuma me ya koro ka daga daji?" in ji Kashim, don tsakanin Babarbare da Bafillace gaisuwar ke nan.

Giɗaɗo bai rama ba. Ya dire hoton a kan tebur.

"Mayar mini da shanun."

Kashim ya san hoton. Bara ya ɗauke shi ranar suna, a ƴar gonar Giɗaɗo da ke hanyar Dambam: maigida, matarsa Dijatu da jaririya a hannu, da ƴaƴa huɗu. A bayansu ga bene mai hawa uku da furanni. Asali turke ne a wurin, da shanu biyar. Giɗaɗo ne da bakinsa ya ce a cire su, wai duk wanda ya shigo ɗaki zai ƙirga, kuma dabbar da aka ƙirga baki yana kama ta.

"Kai ka ce in cire."

"Yau na ce ka mayar. An sace Wule shekaranjiya. Na gan ta yanzu a kara, sun yanke kunnen da shaidata take. Dillalin ya ce daga Misau aka kawo ta. Sarkin kara ya ce in kawo shaida kafin azahar, in ba haka ba tirela za ta tashi da ita Kudu."

Wule saniyar Dijatu ce, mahaifinta ya ba ta tun tana maraƙa. Ita kaɗai ake tatsa a gidan.

Kashim ya duba agogo. Sha ɗaya da rabi. Hoton asali babu shi, ya goge katin tun da watan Sallah. Ya faɗa wa Giɗaɗo haka. Dattijon ya zauna a kan benci, ya zura wa benen ido.

"Dijatu ba ta ci komai ba tun jiya," ya ce.

Kashim ya yi ta matsa linzamin kwamfuta ba tare da ya buɗe komai ba. Akwai wani hoton. Ranar sunan ya isa gonar da sassafe, kafin baƙi. Ya hango Dijatu a tsugune tana tatsa, goshinta a jikin saniyar, ƙwarya tsakanin gwiwoyi, kai babu mayafi sai ɗankwali. Hasken ya yi kyau, hannunsa ya riga tunaninsa. Giɗaɗo ya ji ƙarar kyamara ya zo a fusace, Kashim ya rantse ya goge. Bai goge ba. A shekara ashirin da ya yi yana liƙa wa mutane motocin da ba nasu ba, wannan ne hoton da yake buɗewa ya kalla in shago ya yi shiru.

"Malam Giɗaɗo, zo ka ga wani abu. Amma ajiye sandar tukuna."

Giɗaɗo ya daɗe yana kallo. Ga Wule nan ɓaro-ɓaro: farin goshi, ƙahon hagu da ya sunkuya ƙasa, da tabon waya a cinya.

"Ka ce ka goge."

"Na faɗa."

"Ka rantse."

"Na rantse."

"Babarbare dai Babarbare ne," in ji Giɗaɗo, kuma wannan karon ba wasa a muryarsa. Ya nuna da yatsa. "Bara ka cire saniya ka bar mutane. Yau cire matar ka bar saniyar. Ba za a kalli iyalina a tsakiyar kara ba."

Minti goma ya isa. Kashim ya shafe Dijatu, ya cike gurbinta da ciyawa, ya wanke hoton. Suka hau acaɓa ɗaya su biyu.

A kara an riga an fara lodi. Wule tana ɗaure a gindin tirela, kunnen dama da ɗanyen yanka, ƙudaje suna bi. Sarkin kara, wani dattijo mai tabarau da ake kira Alhaji Maigida, ya karɓi hoton ya je ya tsaya a gefen saniyar. Ya duba ƙaho, ya duba cinya.

Dillalin ya leƙo, ya kwashe da dariya.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi hoton? Kashim? Ai wannan ni ma ya taɓa kai ni Dubai, ban wuce Fataskum ba. Ɗazu ya zo ya ɗauke ta a nan ya zuba mata ciyawa. Dubi ma ƙwarya tana tsaye a iska, ba mai riƙe da ita!"

Mutane suka yi dariya. Gaskiya ne, Kashim ya manta da ƙwaryar.

Alhaji Maigida ya miƙo hoton. "Malam, wannan an taɓa shi. Akwai wanda ba a taɓa ba?"

Kashim ya dubi Giɗaɗo. Wayarsa tana aljihu, ya tura na asalin ciki a kan idon Giɗaɗo kafin su fito, amma ba shi ke da ta cewa ba. Daga masallacin kara aka fara gwada lasifika. Yaran mota suka kwance igiyar Wule.

Giɗaɗo ya miƙo hannu ba tare da ya kalli Kashim ba. Ya karɓi wayar, ya ja Alhaji Maigida bayan tirela, ya buɗe babbar rigarsa ya kare, su biyu kaɗai. Ba a ji me suka ce ba. Alhaji ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya duba ranar da ke jikin hoton, sannan ya fito.

"Ku ba shi igiyarsa. Kai kuma," ya nuna dillalin, "zauna nan ka gaya mini wanda ya kawo maka ita daga Misau."

Sai da suka fita ƙofar kara Giɗaɗo ya mayar da wayar.

"In goge?" in ji Kashim. "A gabanka, yanzu."

Giɗaɗo ya yi tafiya kaɗan, Wule tana biye da shi tana kaɗa guntun kunnen.

"Wanke guda ɗaya, na Dijatu ne. Sauran ka goge, kuma kada ka rantse mini." Ya gyara igiya a hannu. "Ranar Juma'a ka zo da safe ka ɗauki shanun, kowace dama da hagu."

"Duka biyar ɗin?"

Giɗaɗo ya tsaya cak.

"Wa ya ce ka ƙirga, bawana?"