Gurbin Balbela

"In ka taɓa sunan nan, Babba, ka nemi wata uwar."

"Inna, ki saurare ni mana."

"Na saurara. Tun da ka fara zuwa ofis kake mini magana kamar rediyo. Hanyar wa ta tare? Abincin wa ta ci?"

"Na Auta," na ce.

Ban so ta fito haka ba. Inna ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Ƙanena Auta yana bakin ƙofa yana tura murfin gwangwani da kara, wai mota. Ya ji sunansa ya ɗago, ya ga ba kiransa ake ba, ya koma tuƙinsa.

Sai wayar ta yi ƙara. Tsohuwa ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Inna ta zaro ta daga haɓar zane ta miƙo mini. Faɗa ko ba faɗa, ni ne idonta, don ba ta yi boko ba.

Na karanta: "'Yarki ta halarci makaranta duk wannan makon. Mun gode da kulawarki."

Inna ta karɓa, ta goge gilashin da gefen mayafi.

"Ka ji ko? Ba ta fashi."

Balbela ta rasu tana aji biyu. Yanzu tana aji huɗu.

* * *

Ƙanwata ce. Na girme ta nesa ba kusa ba, a kafaɗata ta fara ganin titi. Dogayen ƙafafunta sirara da farar rigar makarantar da ba ta yarda datti ya taɓa ba, su suka jawo mata sunan. Zazzaɓi ya kama ta, kafin mako ya zagayo ta cika a gadon asibiti, kanta a cinyar Inna. Baba ya riga ta da jimawa.

Saƙon farko ya shigo tun masu gaisuwa ba su gama watsewa daga gida ba. Na tafi makarantar raina a ɓace. Hedimasta ya kama hannuna da hannu biyu, ya yi mini ta'aziyya, ya ce kuskuren na'ura ne, za a gyara. Ba a gyara ba. Da na tashi komawa, Inna ta riƙe mini riga.

"Bar su."

Ba zaucewa ta yi ba. Ta fi kowa sanin a ina 'yarta take. Amma duk ƙarshen mako wayar kan yi ƙara, gidan ya ɗan yi haske. Ta ci jarrabawa. An ba ta sababbin littattafai. An ƙara mata aji. Inna kan ɗora hannu a ƙirjinta ta ce, "Da yanzu ta kawo mini nan." Ko babu wuta a unguwa, wayar nan ba ta mutuwa. Gara a kwana da duhu da a bar ta ba caji.

Ni kuwa na gama sakandare da sakamakon da bai kai ni ko'ina ba. Abin da na iya ɗaya ne, buga kwamfuta da sauri, a shagon buga takardu na koya. Shi ya sama mini aiki a ofishin haɗa bayanai, inda ake gwama rajistar asibitoci da ta makarantu don a san yaran da ke karatu da masu buƙatar magani. Ɗaki ne dogo, fanka tana kuka a sama, kwamfutoci a jere kamar awaki a turke. A wurinmu kowane yaro layi ɗaya ne. In bayanansa sun dace, layin fari ne. In asibiti ta ce ya rasu, makaranta kuma ta ce yana aji, layin ya koma ja.

'Yan lahira muke ce musu.

"Ɗan sakandare," in ji Mai Tabarau da ke zama kusa da ni, "'yan lahira nawa ka yi wa ƙarin aji yau? Ka ga wannan, tun da ya mutu bai taɓa makara ba. Da ransa kullum sai an zane shi."

Mukan yi dariya. Ni ma na sha yi, har ranar da na gangaro ƙasa na ga sunan ƙanwata, ja wur kamar an yanka.

Ba ita kaɗai ba ce a makarantarsu. Dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne. Gwargwadon yawan yara ake aika wa makaranta abincin rana da littattafai da kujeru. Yaron da ya mutu ba ya ci, amma ana ɗibar masa.

Da na iya haɗiye wannan, da ba don Auta ba. Farkon zangon karatu na kama hannunsa muka je makarantar. Malamin rajista ya juyo mana da kwamfutarsa, ya ce makaranta ta cika, na'ura ba ta karɓar sabon suna sai wani ya fita. A hanyar fita na leƙa tagar wani aji. Rabin bencinan babu kowa, sai wani ƙadangare a kan na baya yana ta gyaɗa wa malam kai.

"Yaya, ga wuri can," in ji Auta.

Na ja shi muka wuce. Da muka isa gida na gaya wa Inna zan cire sunan Balbela daga rajista, shi ne ta ce in nemi wata uwar.

* * *

Anti muke kiran shugabar ofishinmu. Ita ke haɗa kan rajistocin duka, ita ke sa hannu kafin rahoto ya tafi sama. Mace ce mai ilimi, mai gajiya a ido. Na same ta tana shan magani da ruwan gora.

"Anti, jajayen nan..."

"Ba a taɓa su. Na gaya maka ranar da ka fara."

"Amma don su aka kafa ofishin."

Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ka san wanda ya zauna kujerar nan kafin ni? Ya share su tas. Yawan 'yan makaranta ya faɗo warwas, manya suka ji kunya a gaban masu ba da tallafi. Yanzu yana can wani ɗaki marar taga yana kaɗe wa tsofaffin fayil gizo-gizo. Ni ina da 'ya'ya, Ɗan sakandare."

"Ƙanwata ce, Anti. Ɗaya daga ciki."

Ta ajiye gorar. Na gaya mata labarin Auta da bencin ƙadangare. 

"Layi ɗaya," ta ce a ƙarshe. "Ban gani ba, ban ji ba. Amma ka sani, a wannan aikin gurbi ba ya kwana a buɗe."

Ban tsaya tauna maganar ba. Izinin kawai na ji.

Duk da haka hannuna ya ƙi. Kullum sai in buɗe layin, in kalle shi, in tuna Inna tana goge gilashin waya, in rufe.

* * *

Wata rana na dawo na tarar da Inna cikin fara'ar da na manta tana da ita. Ta shimfiɗa farar rigar Balbela a tabarma, almakashi a hannu.

"An raba gardama," ta ce. "Na je wurin Hedimasta da ƙafata. Mutumin kirki. Ya ce Auta ya zo ya zauna a kan lambar rajistar yayarsa. Ita tana nan, shi yana karatu. Kowa ya huta."

"Aji huɗu, Inna? Yaron da bai san baƙi ba?"

"A aji ɗaya zai zauna. A takarda ne kawai."

"In ya gama, takardar shaida sunan wa za ta ɗauka? In ya yi ciwo muka kai shi asibiti da katin makaranta, su buɗe lambar su ga gawa, wa zai ba gawa magani?"

"Kai dai bakinka ba ya faɗin alheri. Wa ya kai mu gobe?"

Ta yanke ƙasan rigar, ta kira Auta ta gwada masa. Kafaɗun suka zubo masa har damtse. Ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa.

"In malam ya kira sunan yayarka, me za ka ce?"

"Ai sunan mata ne."

"Me za ka ce?"

"Na'am."

"Da ƙarfi."

"Na'am!"

Inna ta lumshe ido. Ba Auta take ji ba. Na tsaya ina kallon ƙanena, mai rai, mai majina, mai motar gwangwani, ana cusa shi cikin rigar matacciya da sunanta. Na ga ranar da zai girma ya nemi kansa a kowace rajista ya rasa.

* * *

Washegari da rana, da kowa ya fita cin abinci, na buɗe layin. Akwatin ya nemi dalili. Na rubuta: rasuwa. Sai na'urar ta tambaye ni, "Ka tabbata?"

Tun da Balbela ta tafi, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na tabbata. Ni na ɗauko ta daga gadon, ba ta fi nauyin jakar makarantarta ba.

Na danna. Layin ya ɓace. Na ƙasa suka matso sama suka rufe wurin, kamar ruwa bayan an jefa dutse.

Saƙon ya riga ni isa gida. Na sami Inna zaune a bakin gado, wayar a tafinta, tana jirana da murmushi.

"Yau ba ƙarshen mako ba, amma ga shi sun aiko. Ko kyauta ta ci?"

Na karɓa. Zan iya cewa kyauta ce. Zan iya cewa ta zo ta ɗaya. Inna ba za ta taɓa sani ba, sai dai ta ga makonni suna wucewa shiru. Bakina ya ƙi.

"An cire sunan 'yarki daga rajista. Dalili: rasuwa."

Na jira ihu, ko mari. Da mari ya fi mini. Inna ta karɓi wayar, ta warware robar a hankali, ta cire batirin, ta sa kowanne daban a cikin akwatinta tare da ƙyallen da ta yanke daga rigar.

"Sau biyu ke nan," ta ce, ba ta dube ni ba. "Na farko dai Allah ne."

Ta dafa abinci, ta zuba mini, ta rufe, ta ajiye. Ba ta ƙara ce mini Babba ba. Ba ta ce mini komai ba.

* * *

Da sassafe na ɗauki Auta. Rigar nan ya sa, babu wata. Ya rungume allonsa kamar za a ƙwace. Na ce wa kaina, ko ba komai yau yaron nan zai shiga da sunansa.

Malamin rajista ya danna, ya sake dannawa, ya juyo mana da kwamfutar.

"A cike take."

"Ba zai yiwu ba, Malam. Jiya gurbi ya buɗe."

"Ya buɗe, an cike. Jiya da la'asar."

Na leƙa. Wani suna ne sabo fil, babu lambar asibiti, babu wayar uwa, babu unguwa. Wannan ko mutuwar ma bai yi ba, don ba a taɓa haihuwarsa ba.

Hedimasta ya fito daga ofishinsa yana gyara zaman agogo. Bai yi fushi ba. Da ya yi, da na san abin da zan yi da hannuwana.

"Samari, samari. Da ka shawarce ni. Lambar gida ce a hannunku, ka je ka zubar. Uwarka ta fi ka wayo."

"Ranka ya daɗe, bencinan nan babu kowa a kai."

"A idonka ba." Ya shafa kan Auta. "Amma ba za mu kori yaro daga ilimi ba, mu ma iyaye ne. Ga wata lambar. Ta ma fi dacewa, namiji ne, aji ɗaya."

Ya rubuta a guntuwar takarda ya miƙo. Na san sunan. Yana nan ƙasa kaɗan da inda Balbela take a da, ja kamar nata. Shi ne wanda Mai Tabarau ya ce bai taɓa makara ba. Ƙarshen makon nan waya za ta yi ƙara a wani gida, wata uwa ta miƙa wa wani ya karanta mata cewa ɗanta ya halarci makaranta.

Na dubi ƙofar fita. Na dubi Auta. Idonsa yana kan tagar aji, inda yara ke rera baƙaƙe, leɓensa na bin su a ɓoye.

Na karɓi takardar.

Muka bi barandar. Na faɗa masa sunan, ya maimaita. Na sake faɗa, ya sake maimaitawa har ya zauna masa a baki. A ƙofar ajin na durƙusa na naɗe masa hannun rigar da ya zubo. Har yanzu tana ƙanshin akwatin Inna.

Ya taka ɗaya, ya tsaya, ya waiwayo.

"Yaya, to in mai sunan ya dawo, ni ina zan zauna?"