Waƙar 'Yan Shumaisi

Direbobin ofishin jakadanci suna cewa Baba Filibus ba ya magana sai an tambaye shi. Buraima mai gadi kuwa cewa yake yi, "Tsohon nan, in ka ji muryarsa, to mota ce ta lalace." Masu zuwa sujada ranar Juma'a a gidan Mista Ishaya, cikin Unguwar Ofisoshin Jakadanci, da kwasar takalma suka san shi. Tarin takalma a ƙofa ne ke tona asirin taro a Riyad, inda aka hana sujadar Kirista a fili, don haka yake zuba su a buhu ya kai kicin.

Yana ɗaure bakin buhun sai Mista Ishaya, babban ma'aikaci kuma dattijon ikilisiya, ya miƙe a falo zai ba da tarihin ikilisiyar.

"Ikilisiyoyi biyu ne suka haifi wannan," in ji shi. "Tamu ta ma'aikata, da wata 'yar ƙarama a unguwar Shumaisi. Dukanmu 'yan Lutheran ne daga Adamawa, muka ga gara mu zama ɗaya. Cikin ikon Ubangiji aka haɗe lami lafiya, ba wanda aka bari a baya."

Aka ce amin, ƙasa-ƙasa.

'Yar ƙaramar nan a ɗakin Filibus ta fara, tun kafin Ishaya ya san hanyar Riyad. Magina ne da direbobi, a kan kwalaye suke zama. Da aka haɗe, sai ga shi ba a wuce shingen Unguwar Ofisoshin Jakadanci sai da iƙama mai rai, wato takardar izinin zama. Waɗanda tasu ta mutu suka koma Shumaisi. Timotawus magini, mai ba da waƙa, ya ci gaba da tara su a Shumaisi har aka kai samame. Ya sha ɗauri, aka tasa ƙeyarsa gida, ya rasu a Numan. Filibus ya roƙa tun farko a riƙa ɗauko su a motar ofis. Ishaya ya ce ba zai sa aikinsa a wuta ba.

Yau da safe ma, a mota, Filibus ya ce, "Ranka ya daɗe, a ambaci sunan Timotawus ko sau ɗaya."

"Za mu gani, Baba. Yalla, mu tafi, mun makara."

Ishaya ya gama tarihi ya zauna. Ba a ambata ba.

Dokar gidan ita ce a ƙure na'urar sanyi don ƙararta ta rufe murya, a yi waƙa da raɗa. Filibus ya tsaya a bakin kicin ya ɗauko waƙar 'yan Shumaisi da Bacamanci, da dukan ƙarfinsa, yadda Timotawus ke ɗaukarta. Madam Rifkatu, matar gidan, ta ruga ta ja labule. Wani yaro ya fashe da kuka. Ba wanda ya amsa.

"Baba, so kake a kwashe mu duka?" in ji Ishaya, ya riƙe masa hannu. "Akwai yara a nan. Me muka yi maka?"

Filibus ya tsaya a tsakiyar baiti. Ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sababbin zuwa ne, ba su taɓa jin sunan Timotawus ba, tsoro kawai suke ji. Shekara da shekaru yana jiran a furta kalmar neman gafara a falon nan.

"Ku gafarce ni," in ji shi. "Na ɗaga murya."