Amyar Falalu a Kan Madobiya

Duk jaririn da aka haifa a gidan Malam Falalu, zumar dutse ake fara lasa masa. Da 'yarsa Saratu ta sauka da ɗan fari, matarsa Baturiya ta ce a sayo ta kasuwar Maradun. Falalu ya ce sukari ne aka dafa, bakin jikansa ba zai taɓa shi ba. Mutum ne mai taurin kai, ya ɗauki ƙwarya da igiya ya nufi dutsen.

Tun bara waccan tsoron 'yan bindiga ya hana shi hawa, amma hankalinsa a kwance yake. Ya bar amyarsa ɗaure a kan wata babbar madobiya, kuma a ƙasar nan ba a sare iccen da ke ɗauke da amyar wani.

A da, mutum kan hau dutsen nan rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba. Madaci da kanya a bakin rafi, marke da taura a gangare, kirya da kawo a can sama. Ƙudan zuma ba su san yunwa ba. Da sanyi madobiya ta yi fure rawaya, kaɗanya ta karɓa, ɗorawa ta sako tutu, jan furenta, kirya ta riƙe su har ruwa ya sauka, marke ya raka su cikin damina.

Yanzu kututture ne ko'ina, da baƙaƙen ramukan gawayi. Rafin ya zama yashi. Falalu yana tafe yana kiran sunan kowane kututture, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Madobiyarsa kuwa tana nan ita kaɗai. A inuwarta wani mai gawayi, Gajere, yana ɗinke bakin buhu. Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiya.

"Ga iccenka nan, Baba," in ji Gajere, har da alfahari. "Ko reshe ba mu taɓa ba. Mun san haƙƙi."

Falalu ya yi godiya. Ya kunna hayaƙi ya hau. Bai ji ƙugin ƙudan zuma ba. Ya buɗe murfin amyar, sai busasshiyar saƙa da kashin ɓera.

"Yaushe sunka tashi?" ya tambaya daga sama.

"Tun bazarar bara. Wallahi ba mu munka kore su ba."

Gaskiya ya faɗa. Icce ɗaya fure ɗaya yake yi a shekara, sauran watannin me za su ci?

"In ka sauke amyag ga, Baba, iccen ya zan na kowa ke nan ko?"

Falalu ya mayar da murfin, ya ƙara ɗaure amyar da sabuwar igiyar da ya zo da ita, ya sauko.

"Ba komi," in ji Gajere, ya koma kan buhunsa. "Igiya ba ta wuce damina biyu."

Da la'asar ya isa gida, mata cike da tsakar gida ana ta barka. Baturiya ta karɓi ƙwaryar ta leƙa ciki. Wayam. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kwalbar zumar kasuwa, wadda ta saya ta ɓoye tun cikin Saratu yana ƙarami. Aka miƙo masa jaririn, shi ne babba, shi zai lasa. Falalu ya yi bisimilla ya tsoma yatsa.