Aron Rariya

Mota ba ta shiga unguwarmu. Ba doka aka kafa ba, lungunan ne ba su da faɗin da za su ɗauke ta. Waɗanda suka gina Gangaren Kanya tsofaffin sojoji ne, kowa ya dawo Zuru ya manna ɗakinsa a jikin na abokinsa, ba wanda ya tuna wata rana ɗansa zai sayi mota. Ko ɗan acaɓa sai ya rage gudu yana ba tsofaffi haƙuri. Mu dai da ƙafa muke komai. Daga ƙofata zuwa famfo taku ɗari ne, injin niƙa yana can gaba kaɗan, masallaci da coci suna jin tarin juna. In gishiri ya ƙare miki, kina iya barin miya a wuta ki je ki dawo ba ta kama ba. Baƙi sukan ce unguwar ta cika matsi. Ni shekara talatin da ɗaya ina cikinta ban taɓa jin ta matse ni ba, sai wata Talata da hantsi.

Sunana Beatrice, amma Maman Gabriel kowa ke ce mini. Gabriel shi ke nan gare ni. Soja ne kamar ubansa, yana can daji inda waya ba ta shiga sai an hau dutse. Ɗakin da ke kallon nawa kuma Kausar ce a ciki, 'yar Bena, matar Zakiyyu abokin Gabriel. Tare suke aiki, tare suka tafi. Gabriel ne ya kawo mini su, ya ce, "Mama, ga ɗiya na samo miki, tunda kin ce ni ba na zama." Wata bakwai ke nan da zuwanta, kuma yarinyar ta shiga raina, duk da cewa bakinta ba ya hutawa ko tana barci.

Akwai abin da Kausar ba ta sani ba game da unguwarmu, don bai faru ba tun zuwanta. In soja ya mutu a bakin aiki, mutum biyu cikin kaki sukan zo su faɗa wa iyalinsa baki da baki. Motarsu a bakin titi take tsayawa, dole su shigo da ƙafa. A nan bakin titin Sajan Mode yake wuni a gindin dogon yaro yana gyaran rediyo, shi kuwa suke tambayar gida. Sai ya ɗauki sandarsa ya ce bari ya raka su, ya bi da su ta doguwar hanya, ta injin niƙa, ta masallaci, ta coci, ya zagayo ta kwalbati. Da ƙafarsa mai ciwo tafiyar takan ci minti ashirin da biyar. Matarsa Nagoggo kuwa sai ta ɓulle ta bayan gida, ta ratsa tsakar gidajen mutane tana taɓa mata ɗaya bayan ɗaya, minti biyar ta iso. Kafin masu kaki su yi sallama gidan ya cika da mata. Ba a shiga a ce ga abin da ya kawo mu. Aron rariya ake cewa an zo.

Ni na fara wannan dabarar. Ranar da aka kawo labarin mijina Japhet ni kaɗai ce a tsakar gida ina tuƙa tuwo. A kan murhu na faɗi, tabon yana nan a damtsena na hagu. Da na warke na yi rantsuwa ba macen da za ta ƙara jin wannan magana ita kaɗai a unguwar nan. Tun daga lokacin gida goma sha ɗaya na shiga aron rariya, kuma ba inda na fito da ita.

To ranar Talatar nan ina zaune a ƙofar ɗakina ina yanka kuɓewa, Kausar na bakin murhu tana dama kunun gyaɗa tana ba ni labarin wata kaza da ta ce tana harararta. Sai ga maƙwabciyata Dinah ta shigo ta ɓarakar katangar da ke tsakaninmu. Kumfar sabulu har gwiwar hannunta, silifa ɗaya a ƙafa.

"Maman Gabriel," ta ce, ba ta dube ni ba, "a ara mini rariya."

Dinah rariya uku gare ta, ni na raka ta ta sayi biyu. Wuƙar da ke hannuna ta tsaya cikin kuɓewa.

Kausar ta yi wuf ta shiga ɗaki ta ɗauko tata. "Ga ta, Maman Peculiar. Zamna ki sha kunu mana, yanzu za ya yi."

Dinah ta karɓi rariyar ta zauna a bakin tabarma ta rungume ta. Ba a yi minti guda ba wata maƙwabciyarmu Leah ta shigo, ita ma rariya. Bayanta mata biyu daga layin famfo. Sai Nagoggo, tana haki, mayafinta a karkace.

Kausar ta riƙe ƙugu tana dariya. "Kai, yau mi ya samu rariyoyin unguwag ga? Ko biki aka yi ba a gaya muna ba?"

Na miƙe na ja hannun Nagoggo zuwa bayan rumbu.

"Wane ne?" na ce.

"Wallahi ban sani ba, Maman Gabriel."

"Kada ki yi mini haka, Nagoggo. Ni na koya miki wannan aikin. Wane ne?"

"Na rantse miki. Gidan marigayi Japhet kawai sunka ce. Mode ya tambaye su har sau biyu, sunka ce sai sun ga mai shi."

Na duba idonta na ga ba ƙarya take ba. Gida ɗaya, soja biyu. Ban taɓa tunanin wannan ba a duk shekarun da na yi ina tsara wa mata yadda za su zauna.

Na ciro waya daga zanena na kira Gabriel. Ba ta shiga ba, kamar yadda ta yi kwana tara ba ta shiga ba. Na kira Zakiyyu, ita ma haka. Na mayar da wayar na fito.

Ƙa'idarmu ita ce mata biyu su zauna dama da hagun matar gidan, ɗaya ta kawar da wuƙa, ɗaya ta kashe wuta. Ranar matan nan suka rasa inda za su sa kansu. Suka taru a tsakiyar tabarma kamar masu jiran mota, ba kusa da ni ba, ba kusa da Kausar ba. Na koma wurina na tarar Leah ta ɗauke wuƙata ta tura ƙarƙashin cinyarta. Nagoggo kuma ta tsuguna a murhu tana zare itace ɗaya ɗaya tana turmusawa a ƙasa.

"Inna, ai bai ida dahuwa ba!" in ji Kausar.

"Ya yi hakanan, ɗiyata. Zuba muna."

Daga nan injin niƙa ya mutu. Tun asuba yake ruri, har kunne ya manta da shi, sai da ya yi shiru kowa ya ji. Haka ake yi, duk inda suka gifta sai a tsayar da abin da ake yi. Sun wuce injin ke nan, saura masallaci.

Kausar tana bi tana miƙa kofuna. Ta ba Dinah, ta ba sauran matan. Ta kawo mini nawa ta durƙusa kamar yadda ta saba. "Mama, na sa miki tsamiya da yawa. In Gabriel ya dawo sai in gaya mishi ni ka kula da ke, ba shi ba."

Na karɓa. Dinah ta ɗago ta dube ni, na gane tambayarta: a gaya mata? Na girgiza kai. In na faɗa, me zan ce? In ce ɗayanmu ce, zo mu jira tare mu ga wadda za a soke? Na bar ta tana dariyarta.

Rediyon Jabiru tela ya mutu. Shagonsa yana jikin masallaci, kullum muryar masu labarai tana isowa har tsakar gidana. Sun kai can ke nan. Bayan ɗan lokaci karnukan gidan Justice suka fara haushi, aka daka musu tsawa suka yi tsit. Wannan bayan coci ne. Shirun yana matsowa gida gida, ni kuwa ina zaune da kofin kunu yana ƙona mini tafin hannu ban ajiye ba.

A nan na yi addu'a. Na ce a zuciyata, Ubangiji, kada ya zama Gabriel. Ka karɓi ubansa ban yi maka gardama ba, kada ya zama Gabriel. Ina faɗa ina sane sarai da abin da nake roƙo, don mutum biyu ne kawai a cikin maganar. Na dubi yarinyar tana kankare tukunya, gashinta da na kitsa mata shekaranjiya ya leƙo daga ɗankwali. Na ji kunyar kaina har cikin ƙashi, amma ban janye addu'ar ba. Na ma maimaita ta.

Saura gudumar Prosper kafinta, wanda shagonsa ke bayan katangata. Tana ta bugawa, ni ina ƙirgawa, ina roƙon kada ta tsaya. Ta tsaya.

Sai ƙarar sandar Sajan Mode a kan kwalbati, ƙwas, ƙwas, a hankali. Ko a ranar bai yi sauri ba, Allah ya saka masa. Ya yi sallama da wata murya da ba tasa ba. Ya shigo, bayansa masu kaki biyu, bayansu liman da fasto kafaɗa da kafaɗa. Mode kan ɗauko su duka biyun a hanya, don kada wani ya hango daga nesa ya gane gidan wa za a je.

Ludayin Kausar ya tsaya. Ta dubi kakin, ta dubi matan da ke tabarma, ta dubi murhun da aka kashe. Na ga lokacin da ta gane, fuskarta ta koma ta ƙaramar yarinya.

"Mama?" ta ce.

Babba a cikin masu kakin ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya dube ni, ya dube ta, ya sake dubana, ya ɗauki lokacin da har yau ban yafe masa ba.

"Wace ce matar Kofur Zakiyyu?"

"Na gode maka, Ubangiji."

Ni ce na faɗa. Ba da ƙarfi ba, amma ba a zuciya ba. Bakina ne ya buɗe da kansa, kuma tsakar gidan ta yi shirun da ko faɗuwar allura za a ji. Leah ta sunkuyar da kai. Fasto ya juyo ya dube ni.

Kausar ta tafi luu ta gefen murhu. Ban san yadda aka yi na tsallake tabarma da matan da ke kanta ba, ni dai na ga na riga kowa. Na tare ta da ƙirjina muka zube tare cikin toka mai ɗumi. Ta ƙanƙame damtsena daidai kan tabon, tana kiran sunan Allah tana kiran Mama, ni ina riƙe da ita ina jijjigawa, godiyar nan tana nan a bakina ba ta gama bushewa ba.

Kwana huɗu bayan haka wayar Gabriel ta shigo. Shi ya ɗauko Zakiyyu a kafaɗa, in ji shi. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana goye. Ya ce, "Mama, kina kusa da ita da aka faɗa mata?" Na ce ina kusa.

A gidana ta yi takaba, wata huɗu da kwana goma. Uwarta ta zo daga Bena ta zauna da ita. Ni nake ɗebo musu ruwa, ni nake zuwa niƙa, mata suna shigowa da kwanuka safe da yamma ta ɓarakar katanga. Kullum in na miƙa mata abinci sai in jira ta tayar da maganar godiyar nan. Ta karɓa da hannu biyu ta ce an gode. Surutun nan da nake ƙorafi a kai ya ɗauke, gidan ya yi mini faɗi.

Ranar da za ta tafi, an gama fitar da kaya ana kaiwa bakin titi a ka, ta tsaya a ƙofar ɗakina da rariyarta a hannu.

"Mama, Nagoggo ta gaya min yadda aka yi a unguwag ga. Tun shigowar Maman Peculiar kin sani ko?"

"Na sani."

"Kika bar ni ina raba kunu ina dariya."

"Na bar ki."

Ta daɗe tana juya rariyar. Na shirya jin duk abin da za ta faɗa, don na san na cancanta.

"Kin kyauta," ta ce. "Ita ce dariyata ta ƙarshe ina da miji." Ta miƙo mini rariyar. "Aje ta nan. Allah shi sa kar a zo ara."

Ɗaya maganar ba ta tayar ba, ni ma ban tayar ba, har yau ban san ko ta ji ba. Na rataye rariyar a ƙusa, na ɗauki jakarta na aza a ka, na raka ta bakin titi. Ta doguwar hanya na bi da ita.