Tubalin Farko

"Kashe shi! Na ce ka kashe shi!"

Furera na ɗauke da kwanon kunu, ta kusa bakin zauren maƙwabcinta Malam Muntaka, ta ji tsawar ƙanensa Yahya. Wani ɗan acaɓa ne ya tsaya gindin darbejiya, rediyon babur ɗinsa na zuba waƙar nan, jita da ganguna kamar za su tsaga ƙasa. Bawan Allah bai san ƙofar gidan wa ya tsaya ba. Da ya ga dattijo ya taso masa da sanda, ya ja babur ya yi hanyar Ɗanbatta.

Bana duk inda ka shiga waƙar ce, daga wurin mai shayi har cikin gonakin gero. Kamilu ɗan Malam Muntaka ne ya yi ta, shi da abokansa huɗu masu kiɗan jita a Kano. Labarin gidansu ya kwashe ya zuba a ciki: yadda ubansa da baffansa Yahya suka yi rigima kan gidan gado, har aka ja katanga a tsakar gida, shekara bakwai ko gaisuwa babu. Tun fitowar waƙar Malam Muntaka ya hana a ambaci sunan Kamilu a gabansa.

Yau kwanan Malam Muntaka tara a kwance. Asibiti sun sallamo shi, sun ce a koma gida a yi ta addu'a. Da hantsi Yahya ya zagayo ya zauna a zaure, amma ya kasa shiga ciki.

"Furera, an ce ke kika kira yaron nan a waya."

"Ni na kira shi. Ubansa ne."

"To wallahi muddin ina nan, ba zai taka zauren nan ba. Har ƙofar masallaci yara ke bi na suna rera min ita."

Ta wuce shi ta shige ciki. Ta san motar da Kamilu ya shiga ta riga ta baro Kano, ta kuma san Yahya ba ya rantsuwar banza.

Ɗakin na warin man zafi. Aina'u, matar Malam, na zaune bakin gado tana yi masa fifita, idanunta sun kumbura. Numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen itace.

"Hayaniyar me nake ji?" ya tambaya.

"Ba komai, Malam," in ji Aina'u.

"Furera ba ta yi min ƙarya. Waƙar ce?"

"Ita ce."

Ya ɗaga ido ya kalli rufin kwano. "Ban taɓa jin ta har ƙarshe ba. Kina da ita?"

Furera na da ita a waya kamar kowa, sai dai ba ta taɓa bari wani ya sani ba.

"Haba Malam," Aina'u ta ce. "Kalmar shahada ake so a bakinka yanzu, ba kiɗa a kunne ba."

"Zan yi. Sa min, Furera."

Ta ajiye kwanon, ta rage sauti iya ragewa, ta kara masa wayar a kunne. Idan Yahya ya jiyo, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Jitar ta fara kuka, sai muryar Kamilu, a dishe: "Uba ɗaya, rijiya ɗaya, wa ya raba mana guga? Baffa ya ɗora tubalin farko, Baba ya juya baya."

Labulen ƙofa ya yaye. Yahya ne, da sandarsa a hannu.

"A kan gadon mutuwar tasa ma? Furera, ba ki da tsoron Allah?"

Malam Muntaka ya ɗaga yatsa ɗaya. Furera ta kashe wayar.

"Yaron ya yi kuskure," ya ce, yana tsayawa bayan kowace kalma. "Yana makaranta lokacin, bai gani ba. Ba kai ka ɗora tubalin farko ba, Yahya. Ni ne. Ni na kira magini. Na bar ka kana shan zagin gari, na yi shiru."

Yahya ya jingine sandar a bango, ta zame ta faɗi, bai waiwaye ta ba. Ya durƙusa gaban gado.

"Yaya, bar maganar nan. Ce La'ilaha illallahu."

Leɓɓan Malam suka motsa. Yahya ya maimaita masa, ya sake maimaitawa. A ta huɗu shi kaɗai ya faɗa. Aina'u ta saki mafici ta kifa kai a cinyar Furera.

Ana kiran la'asar babur ya sauke Kamilu. Furera na tsaye a bakin zaure, ta ga ya rame, gashin kansa ya yi tsawo, ba jaka ba komai a hannunsa. Ya ga tabarmi shimfiɗe da mutane jigum, ya tsaya cak. Maza suka sunkuyar da kai, kowa na satar kallon Yahya.

"Inna Furera," ya ce, "na makara?"

Ta gyaɗa kai.

Yahya ya miƙe ya tare ƙofar. Ya daɗe yana kallon yaron, tun daga gashi har takalmi. Sai ya juya ya ɗauko buta a gefen randa.

"Za a yi masa wanka. Kai za ka riƙe min kansa. Tsuguna ka wanke hannu."

Kamilu ya tsuguna ya miƙa hannuwa biyu. Yahya ya karkata butar, ruwan na zuba a tafukan yaron, yana gangarawa cikin yashi.